Yadda Na Yi wa Agwagin Surukina Banish a Landan

Yau kwanana ashirin da dawowa, kuma har yanzu ban fito daga masallaci ba tare da wani ya tare ni ya ce, "Alhaji Sabo, ya Landan?" ba. Wanda ya tambaya jiya shi ne zai sake tambaya yau, sai ka ce tsakanin jiya da yau an sake kai ni. Wasu so suke su ji ko na taka ƙanƙara, alhali a watan Agusta na je. Wasu kuma ba labarin ne ya dame su ba, tsarabar suke jira. To ga shi na sami biro da takarda, zan faɗa sau ɗaya. Duk wanda ya ƙara tare ni, takardar zan miƙa masa in wuce.

Ga wanda bai san ni ba, ni kafinta ne, shekara talatin da biyar ina yin kayan ɗakin amare a Kano. Ba yabon kai ba, a layinmu ba a kawo sunan kowa kusa da nawa idan ana maganar banish, man nan da ake shafa wa katako ya yi ƙyalli. In na gama gado, uwar amarya tana iya gyara ɗaurin ɗankwalinta a jikin allon kansa. Ku riƙe wannan, domin shi ne ya kai ni ya baro.

Abin da ya kai ni shi ne 'yata Rakiya, wadda take aikin nas a can, ta haihu, aka yi mini takwara. Uwarta ya kamata ta je, amma tun da ta dawo daga Makka ta rantse ba za ta ƙara hawa abin da ƙafarsa ba ta taka ƙasa ba. Sai aka ce ni in je. Kafin a ba ni biza an tambaye ni komai na rayuwata, sunan ungozomar da ta yanke mini cibiya ne kawai ba su nema ba. Na yi Abuja sau biyu a mota, na dangwala yatsu goma, aka ɗauki hotona ba hula, abin da ko matata ba ta cika gani ba.

Jirgi ba abin da zan ce da shi sai dai wanda ya auna banɗakinsa bai taɓa yin alwala ba. Abincin kuma an kawo shi a ƙananan robobi shida, kowace da murfinta, in ka haɗa su duka ba su kai loma huɗu ba. Na kusa da ni wani ɗan Zariya ne mai karatun likita, ya ce in ci a hankali, wai haka ake yi. Na ce masa ai dole in ci a hankali, in na yi sauri me zan yi da sauran awa biyar ɗin?

Da muka sauka, wata ma'aikaciya ta ce in buɗe jakata. Ta ɗaga ƙullin daddawa ta shinshina, ta ja baya, ta sake dubana da wani sabon ido. Ta bi kuka da kuɓewa da yaji ɗaya bayan ɗaya, sannan ta kai ga wani abu da na naɗe a farin ƙyalle. Buroshina ne na banish. Shekararsa goma sha biyu a hannuna, ko Wudil zan je ba na barinsa a shago, saboda yaran yanzu in ka juya baya sai su tsoma maka shi a fenti.

"Za ka yi aiki ne a nan?" ta tambaya, ɗan Zariyan nan yana fassara mini.

Na tattaro Turancina na ce, "No work. Only baby."

Ta yi dariya ta mayar mini da shi. Da ta san abin da ke tafe da ta riƙe shi, kuma da ta yi wa surukina alherin da ba zai manta ba.

Surukin nan nawa, Kabiru, shi ya zo tarbata. Ɗan Gumel ne, shekararsa goma sha huɗu a Ingila, amma kunyarsa ko kwana ɗaya ba ta yi a can ba, tana nan yadda ya taho da ita daga gida. Bai taɓa duban idona ba. In na zauna a kujera, shi a kafet zai zauna. In na shigo yana cin abinci, sai ya rufe kwanon ya ce ya ƙoshi. A da ina alfahari da wannan, ina gaya wa abokaina cewa 'yata ta yi dacen miji.

Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da suke kira tube. Na yi sallama da na shiga, kamar yadda ɗan halak zai yi. Mutum ya fi hamsin a taragon, ba wanda ya ɗaga kai, kowa ya sunkuya a kan wayarsa kamar ana zaman makoki. Daga nan muka canza jirgi, muka hau bas, muka yi ta tafiya har na fara zargin ko Kabiru ya manta gidansa ne. Unguwar sunanta Thamesmead. Wanda yake zaton Landan duk gilashi ce da furanni, ya je can ya ga siminti iya ganinsa. A cikin bas ɗin kuwa Yarabanci ne ke tashi ta gaba, Ibo ta baya, wata mata tana faɗa da ɗanta ta waya. Nan hankalina ya kwanta, na ji kamar motar Sabon Gari na shiga.

Gidan nasu na council ne, wato na hayar hukuma, ɗaki biyu a sama, falo a ƙasa, da ɗan fili a baya wanda bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Na ga takwarana, na yi masa addu'a, na ga Rakiya lafiya, na gode wa Allah. Da aka kai ni ɗakina, kafin in zauna sai da na ƙwanƙwasa gadon. Garin katako ne aka kwaɓa da gam aka lulluɓe da leda. Rakiya ta ce a kwali ake kawo shi, da takarda mai hotuna, mutum ya haɗa abinsa da kansa. Ƙasar da ta yi mana mulki ke nan, ba ta da kafintan da zai yi mata gado.

Abinci kuwa, ranar farko Rakiya ta yi mini tuwo da miyar kukar da na kawo. Rana ta biyu aka ce sai na ɗanɗana na 'yan gari, aka kawo kifi da dankali a takarda. Na tambaya ina yajin, aka miƙo mini ruwan tsami a kwalba. Na ci, domin baƙo ba ya raina abin da aka ba shi, amma na fahimci dalilin da ya sa mutanen nan suka bar garinsu suka bazama duniya neman barkono.

Ranar Juma'a muka tafi babban masallaci na Regent's Park, ni da Kabiru da maƙwabcinsu, Baba Issaka. Shi mutumin zangon Kumasi ne, ya yi shekara talatin yana gadi a Landan har ya yi ritaya. Hausarsa irin ta can ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Zai ce maka, "Matana ya tafi kasuwa," ka yi ta neman wanda ya tafi. Bakinsa kuma ba shi da burki, abin da ya gani shi zai faɗa. Bayan salla muka ratsa ta wurin shaƙatawar da ke kusa, na ga agwagi manya-manya suna yawo a bakin tafki, ba mai su, ba mai kallonsu da niyya. Na ce da a wajenmu ne wannan ta gaban ba za ta ga la'asar ba.

"Alaji, ka taɓa shi police zai zo," in ji Baba Issaka. "Nan agwagwa ya fi ka takarda."

A ranar ne da yamma na ga Kabiru ya shige wata 'yar rumfar katako a bayan gida, wadda suke kira shed, na ji ƙamshin da hancina ya sani. Na bi shi. Ashe yaron nan yana da wurin aiki ban sani ba. Ga teburi, ga ƙananan zartuna, ga magagari iri-iri a jere, komai tsaf. A kan kanta kuma agwagi ne goma sha biyu na katako, suna kallona da idon gilashi.

Na ce, "Malam Kabiru, kayan wasan yara ka koma yi?"

Ya dubi ƙasa ya ce, "A'a Baba, na mafarauta ne."

Ya yi mini bayani, idonsa a kan takalmina. Wai maharbi yana zuba su a ruwa, ya ɓuya a ciyawa. Agwagin gaske in suna wucewa ta sama sai su ga 'yan uwansu zaune lafiya, su sauko, shi kuma ya harba. Na ce ai mu ma muna da irinsa. A ƙauyen kakannina wajen Haɗeja, maharbi kan tsuntsun burtu yake ɗaurawa a goshi, ya yi ta rarrafe cikin ƙaya yana kaɗa kai har ya isa kusa da nama. Bambancin kawai, namu shi yake shan wahalar, Bature kuwa ya zauna da shayinsa a filas, katako yana yi masa aiki.

Sannan ya gaya mini abin da agwagin nan suke nufi a wurinsa. Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa bas, zama ya cinye masa baya, har likita ya ce in bai bar kujerar nan ba wata rana ɗaukarsa za a yi daga kanta. Akwai wani tsohon Bature, Mista Dennis, da yake sayar wa mafarauta irin waɗannan agwagin. Wanda yake sassaƙa masa ya tsufa, hannu ya fara rawa, yana neman madadi. Ya ce Kabiru ya yi masa dozin ɗaya na gwaji kafin farkon Satumba, lokacin da ake buɗe farauta. In sun yi, aikin ya zama nasa shekara da shekaru, ya ajiye tuƙi. Wata uku ya yi yana yin su tsakanin tashi daga aiki da komawa. Mista Dennis zai zo ranar Asabar ta sama.

Na ɗauki ɗaya na juya. Gaskiya hannun yaron yana da kyau. Kowane gashi sai da ya zana shi da bakin ƙarfe mai zafi, layi-layi siriri kamar zare. A ƙasa ya dasa dalma don ta zauna daidai a ruwa. Amma fentin! Toka-toka, ƙasa-ƙasa, ba haske ko na anini. In na kai wa uwar amarya abu a haka, da muciya za ta biyo ni.

Na ce, "Saura me?"

Ya ce, "An kusa, Baba. Ɗan taɓe-taɓe ne ya rage."

Na gyaɗa kai. A raina na ce, Allah sarki, yaro ya iya sassaƙa amma ba wanda ya koya masa gamawa, kuma kunya ba za ta bar shi ya roƙi surukinsa ba.

Litinin Kabiru ya tafi aiki, Rakiya ta kai jariri awo. Aka bar ni da talabijin da ke nuna wasu mutane suna gasar gasa burodi. Mutumin da ya saba tashi da zarto ba ya iya wannan zaman. Na zagaya baya. A ƙarƙashin teburin na sami gwangwanin banish, ragowar wanda Kabiru ya shafa wa gadon jariri. A jikinsa na ga kalmar gloss, wato mai ƙyalli, ɗaya daga cikin kalmomin Turancin da ba wanda zai koya mini. Na hau sama na kwance farin ƙyallena.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin aikin nan. Banish ɗin Ingila yana bin buroshi kamar man shanu. Na shafe agwagi biyar kafin azahar, na jera su a bakin taga. Da rana ta leƙo, sai da na matse ido. Na tsaya ina kallonsu ina tausayin Mista Dennis, wanda ya tsufa bai taɓa ganin aikin Kano ba.

Da Kabiru ya dawo na ce ya zo ya ga wani abu. Ya tsaya a ƙofar shed, jakarsa a kafaɗa. Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Na ga ya dafa ƙyaure. Na ce a raina, farin ciki ne ya hana shi magana.

"Ya ka gani?" na tambaya.

"Madalla, Baba," ya ce, murya can ƙasa. "Sannu da aiki. Allah ya saka da alheri. Amma da ka huta, Baba, ai hutu ka zo yi."

Na ce, "Haba, ai ɗa na kowa ne, balle kai. Gobe zan ƙarasa sauran."

"Kar ka wahalar da kanka, Baba. Don Allah."

Na ce ba wahala.

Washegari da na zagaya, sai na tarar da sabon kwaɗo a ƙofar shed. Wani mai hankali da ya tsaya ya yi tunani. Ni kuwa cewa na yi, ka ji yaro, saboda kar in gaji har kuɗinsa ya kashe ya sayi kwaɗo. Na duba, sukurori huɗu ne kawai suka riƙe ƙarfen da aka saƙala shi. A kawo wa kafintan shekara talatin da biyar sukurori huɗu? Da wuƙar kicin na kwance su. Na yi wa biyar ɗin jiya shafi na biyu, na ƙara wasu biyar, sai gwangwanin ya ƙare. Biyu suka tsira, ba don halina ba.

Ina cikin wanke buroshi sai ga kan Baba Issaka ta saman shinge.

"Alaji, me kana yi a nan?"

Na ce ya zagayo ya ga ikon Allah. Ya zagayo. Ya dubi agwagin, ya dube ni, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Wane ya sa shi wannan?"

Na ce ni.

"Kabiru ya ce ka sa?"

Na ce bai ce ba, amma ya gani jiya, har ya sa mini albarka.

"Albarka! Alaji, ka kashe yaron nan. Ranar Juma'a ka ga agwagwa a park, yana walƙiya? Agwagwa na sama in ya ga abu yana shine a ruwa, ya san ba ɗan'uwansa ba ne, zai gudu har Faransa. Sati uku Kabiru yana mixing paint don kar ya yi shine. Sati uku! Ni na riƙe masa fitila yana dubawa."

Na ce, "To me ya hana shi faɗa?"

"Ya faɗa ma wane? Ma kai? Ku mutanen Nijeriya da kunyanku. Ya sa padlock, Alaji. Padlock ba magana ba ne?"

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na sani. Na sha ganin kan burtu a hannun maharba tun ina yaro, baƙi ƙirin, an goga masa toka da ƙasa, ba wanda ya taɓa shafa masa ko man gyaɗa. Amma shekara talatin da biyar ina faranta wa iyayen amare, har na manta akwai aikin da kyansa shi ne kar a lura da shi. Garin neman gira na tsone wa yaro ido.

Rakiya ba ta san komai ba, domin Kabiru bai gaya mata ba. Ta yaya zai kai ƙarar uba wurin 'yarsa, tana jego? Daga bakin Baba Issaka ta ji. Ta fito da jariri a kafaɗa, ta leƙa shed, ta ce, "Innalillahi. Baba!" Ta juya ta koma ciki. Na ji ta tana waya da Kabiru kan ya ɗauki hutu, tana cewa, "Ka yi booking ɗin leave kawai, ko unpaid ne, ka taho gida."

Da ya dawo na tare shi a shed. Na ce, "Kabiru, yau ɗaya ka ajiye kunyar nan a ƙofa. Ana iya gyarawa ko ba a iyawa?"

Ya ce, "Ba komai, Baba."

Na ce, "Ban tambaye ka ko da komai ba."

Ya ce wa takalmina, "Za a gwada. Sai an cire shi duka, a sake fenti. Matsalar ita ce ya shiga cikin zanen gashin."

Kwana uku muka yi a rumfar nan. Banish ɗin da na yaba saboda yana bin buroshi, ashe haka yake bin kowane layi ya zauna daram. Mu shafa maganin cirewa, mu kankare da tsinke, mu bi da sanfefa, takardar goge katako. In ka goga a hankali ƙyallin yana nan, in ka danna zanen ya tafi. Aikin wata uku yana zuba a ƙasa yana zama gari, ni da hannuna nake zubar da shi. Baba Issaka ya kawo kujerarsa ya zauna a ƙofa, wai ya zo taya mu, aikinsa kawai ya ɗaga agwagwa ya ce, "Alaji, wannan har yanzu yana shine kamar goshin amarya."

Ni da yara goma sha suke kira Oga, na koma mai miƙa wa surukina aiki ya duba. Shi kuma ba zai iya cewa bai yi ba. Sai ya karɓa ya juya ya ce, "Ya yi kyau sosai, Baba," ya ajiye a gefensa. In na fita alwala in dawo in tarar yana sake gogewa, da ya ji motsina ya tura ƙarƙashin tsumma. Tsayuwar kuma ba ta yi wa bayansa daɗi ba. Ina ganinsa yana dafa ƙugu yana cije leɓe, in ya ga ina kallonsa ya mayar da shi murmushi.

Asabar da hantsi Mista Dennis ya iso a wata tsohuwar mota mai warin kare. Dogo ne, jan fuska, da takalmin roba har gwiwa. Ya ba ni hannu, Kabiru ya ce masa ni surukinsa ne, babban kafinta daga Nijeriya. Ya ce, "Lovely." Mutanen nan komai lovely ne, ko gobara ce.

Bai duba su a shed ba. Ya ce a kwashe a kai tafkin da ke bayan unguwar. Ya ɗaura wa kowace igiya ya tura ta ruwa, ya ja da baya ya tsuguna. Duk goma sha biyun suka zauna daidai, ba wadda ta karkace. Gari ya yi lumshi, har na fara sa rai. Tun da na zo ƙasar nan nake ƙorafin ba rana, to a ranar nan ta ga damar fitowa. Tana fitowa na ga abin da nake tsoro. Nan wani ɗigo ya ƙyalla a wuya, can wani a gefen fiffike. Waɗanda ba su ƙyalla ba kuwa bayansu ya yi sumul, gashin ya tafi.

Mista Dennis ya jawo su ɗaya bayan ɗaya, yana bin bayan kowace da babban yatsa. Ya ware biyu gefe, biyun nan da banish bai isa kansu ba. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya yi magana da Kabiru a hankali, Baba Issaka yana raɗa mini fassara. Ya ce waɗannan biyun ya shekara bai ga irinsu ba, zai ɗauka. Ya ce sauran kuma me ya same su?

Na buɗe baki zan ce ni ne. Kabiru ya riga ni.

"My mistake," ya ce. "Wrong finish."

Wannan ba sai an fassara mini ba, laifin ya ɗora wa kansa. Na ce, "No, no, me, me," ina nuna ƙirjina. Baturen ya dube ni ya yi murmushi, a zatonsa tsoho ne yake kare yaronsa. Ya ce kwana tara ya rage a buɗe farauta, mutanensa suna jira, akwai wani a arewacin ƙasar da ya yi masa alkawarin dozin, dole ya ba shi aikin. Ya ce wataƙila baɗi. Ya dafa kafaɗar Kabiru, ya sa agwagi biyu a mota, ya tafi.

Muka kwashe goman a buhu. Baba Issaka, wanda bakinsa bai taɓa hutawa ba, ko tari bai yi ba har gida. A ƙofa na tsaya na ce, "Kabiru, tsaya. Ni ne na..."

"Subhanallah, Baba, kar ka faɗa," ya ce da sauri. "Wallahi kar ka faɗa. Haka Allah ya tsara. Mu ne ma za mu ba ka haƙuri, ka zo hutu mun sa ka aikin sanfefa kwana uku."

Na so yaron nan ya zage ni. Da ya ɗaga murya ya ce tsoho ka cuce ni, da na sami abin da zan riƙe in ba shi haƙuri a kai. Na yi shekaru ina yabon kunyarsa a gaban mutane, ranar nan na ji ina ma ba shi da ita. Ita ta hana shi tsayar da ni ranar Litinin, ita kuma ta hana shi ko da karɓar tubana.

Sati ɗaya na ƙara a gidan, ban sake taka bayan gida ba. Ranar da zan taho, Rakiya ce za ta raka ni filin jirgi, domin shi Kabiru hutunsa ya ƙare a kan sanfefa. Na sauko da jakata da sassafe na same su a falo. Yana sanye da rigar aikinsa ta direba, ya ɗaga hannuwa, Rakiya tana ɗaure masa wani faffaɗan bel na ciwon baya a ƙugu, tana ja yana runtse ido. Bai ji saukowata ba sai da na yi gyaran murya.

Yana ganina ya dafa hannun kujera ya fara durƙusawa, a hankali, da bayan nan nasa. Na ce, "Tashi, Kabiru. Don girman Allah tashi."

Bai tashi ba sai da ya gama tambayata yadda na kwana.